Usur da ƙarfe uku saura kwata

Laraba, tsakiyar hunturu.

Ƙarfe uku saura kwata na dare usur ya tashe ni. 'Yan sintirinmu kan busa sau ɗaya duk awa don mu san ba su yi barci ba, amma wannan a jere yake zuwa ba hutu, sai kuma aka hau dukan tsohon wilin motar da muka rataye a jikin dogonyaro. Maiɗakina ta riƙo hannun rigata. "Malam, don Allah kada ka buɗe sai ka ji muryar wanda ka sani." Ban ga laifinta ba. Mu da ke wajen ganuwar Zariya ta ɓangaren Ƙofar Gayan, daga bayan gidajenmu sai gonaki, kuma tun watan Yunin 2021 da 'yan bindiga suka shiga kwalejin Nuhu Bamalli suka kwashi malamai da ɗalibai, ko akuya ce ta ture kwano da dare sai gaban mutum ya faɗi. A shekarar ce ma muka kafa sintirin nan.

Na kasa kunne, ban ji harbi ba, sai "ɓarawo! ɓarawo!" Allah Ya gafarta mini, har hamdala na yi. Na ɗauki tocila da gora na fita.

A bakin masallaci na same su. Yaro ne zaune a ƙasa, ba takalmi, sanyi na kaɗa shi, batirin solar masallaci na gefensa da guntun waya a jiki. Da na haska fuskarsa sai na kashe tocilar. Na koyar da shi a aji biyar na firamare. Gidansu na layi na uku, mahaifinsa ya rasu, uwarsa ce ke soya ƙosai a bakin titi.

Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, kowa da abin da ya fito da shi, har da mai taɓarya. Wani na cewa shi ya sace masa waya, wani na cewa injin rijiyarsa, alhali injin nan an ɗauke shi tun yaron na wajen kawunsa a Giwa. Abin da ba zan manta ba shi ne shugaban 'yan sintirin, tsohon maharbi ne, ɗan siriri, ya gitta gorarsa a gaban yaron ya ce, "Mu muka kama shi, a hannunmu yake. Wanda zai taɓa shi ya fara da ni." Bai ɗaga murya ba. Wani matashi ya yunƙuro, maharbin ya dube shi ya ce, "Kai, na san ubanka, koma baya." Ya koma kuwa. Aka kulle yaron a shagon tela har asuba, aka yafa masa buhu.

Makaranta yau dai jikina ne kawai ya je.

Bayan la'asar muka haɗu a zauren Mai unguwa. Nan aka rabu biyu. Wasu suka ce a miƙa shi ga 'yan sanda kowa ya huta, tunda mu ba kotu ba ne, kuma haka ƙa'ida take. Liman ya ce kayan masallaci ne, an same su, a yi sulhu. Uwar tana durƙushe daga bakin ƙofa, mayafi ya rufe fuskarta, ba abin da take maimaitawa sai "Ranka ya daɗe, a rufa mini asiri." Da aka matsa wa yaron ya faɗi wanda yake kai wa kaya, wani mai sayen ƙarafa ne a hanyar Sabon Gari, kuma kuɗin a ƙwaya suke ƙarewa. Ni a ganina can ne ramin, don ɓera ba ya sata sai ya san inda zai kai. Mai unguwa ya yanke cewa gobe zai je ofishin 'yan sanda da kansa da sunan mai sayen kayan, yaron kuma a rubuta takarda, kawunsa ya sa hannu, ya koma wajen koyon walda. In ya sake, ba mai roƙo. Ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, don na ga irin takardun nan da yawa, amma ban da abin da ya fi shi.

Sai aka zo kan maganar da ta fi ci mini rai, tunda ni ne ma'aji. Gida 62 ne a littafina, naira 1,000 kowane gida a wata. Wannan watan gida 29 suka biya. Mutum shida ke kwana a waje saboda mu, cikin wannan sanyin na Zariya da ke fasa leɓe, kuma wata biyu ke nan rabin haƙƙinsu muke ba su. Batirin tocila ma wani lokaci daga aljihunsu. Gwamnatin jiha ta ɗauki mutum 7,000 aikin KADVS, wato rundunar sintiri ta jiha, a 2023, ana ganinsu da kaki a manyan tituna da wuraren taro, amma lungunmu da ƙarfe uku na dare, maharbin nan ne da yaransa.

Na miƙe na karanta sunayen waɗanda ba su biya ba. Ban taɓa yi ba, kunya ke hana ni. Abin dariya, mai taɓaryar nan na jiya wata biyar ake binsa. Wani Alhaji mai gidan sama ya ce shi yana da maigadi da waya mai lantarki a kan katanga. Mai unguwa ya ce, "Alhaji, masallacin da aka shiga, a sahun gaba kake salla a cikinsa." Zauren ya yi tsit, sai ga shi yana laluben aljihu.

Kafin magariba na tara naira 17,000. Na kai wa maharbin har gida, na same shi yana ɗaure kan tocilarsa da roba. Ya ƙirga, ya ware 2,000 ya miƙo mini. "Malam, ka ba mai shayi, ya daɗe yana ba yarana bashi."

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Na ji usur sau ɗaya daga wajen masallaci. Saura gida 21, gobe bayan sallar asuba zan fara da layi na biyu.