Lilon zare, sati na uku: inda "mu ƙaddara" ta ba ni kashi

'Yan uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. Wancan karon na ce muku zan auna ƙarfin jan ƙasa, wannan g ɗin da aka sa mu haddace 9.8, da zare da noti da agogon waya kawai, har na cika baki na ce aikin yamma ɗaya ne. To yau sati uku kenan ina kai, littafina ya cika da goge-goge, amma dai yanzu na samu abin da zan iya nuna wa mutum ba tare da jin kunya ba.

Ga wanda bai ga na baya ba, kayan aikin ba wani abu bane. Ƙusa a saman ƙofa, zare mita ɗaya, noti babba na ƙarfe a ƙasa, sai furotirakta, ma'aunin kusurwa, ta cikin tsohon masat ɗina da na manna a bayan ƙusar. Fomular ita ce lokacin zuwa da dawowa ɗaya daidai yake da 2 sau fai (wato 3.14) sau sukwaya rut na tsawo bisa g. In ka sa mita ɗaya da 9.8 za ka samu sakan 2.007, wato lilo 20 ya kamata ya ci sakan 40.1 ko kusa da haka.

Ranar farko na ja notin gefe sosai, wajen digiri 45, don ni a ganina in lilon ya yi faɗi zai fi sauƙin ƙirgawa. Na samu sakan 41.8, na sake, 41.9, na sake, 41.7. Na juya fomular na fitar da g sai ga 9.0. Kai! Na ce ko wayar ce, na karɓi ta wani, duk ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne awon nawa yana yarda da kansa, kullum lamba kusan ɗaya yake bayarwa, sai na riƙa jin ai ni ke da gaskiya tunda na maimaita sau uku. Ashe maimaita kuskure sau uku ba ya mayar da shi daidai, tabbatar da shi kawai yake yi.

Da dare na koma na bi yadda aka fitar da fomular layi-layi, abin da ya kamata in yi tun farko. Nan na ci karo da layin da nake tsallakewa tun ina makaranta: mu ƙaddara kusurwar ƙarama ce, sai mu ɗauki sain na kusurwa (sin ɗin nan na kalkuleta) daidai da kusurwar kanta in an auna ta da radiyan, wani ma'aunin kusurwa da ba digiri ba. Shi ke nan, layi ɗaya, kuma duk ginin a kansa yake zaune. Na ɗauko kalkuleta na gwada da kaina. A digiri 10, kusurwar a radiyan 0.1745 ce, sain ɗinta 0.1736, bambancin ko a jikinsa. A digiri 30, 0.524 da 0.500, an fara rabuwa. A digiri 60, 1.047 da 0.866, nan kam kowa ya kama gabansa. In aka bi cikakken lissafin, lilon da ya kai digiri 45 yana ƙara kusan kashi 4 cikin 100 a kan lokacin da fomular ta faɗa, na digiri 60 kashi 7 da ɗoriya, na digiri 90 kuwa kashi 18. Kuma da yake lokacin ana ninka shi da kansa ne wajen fitar da g, kuskuren kashi 4 sai ya koma kusan 8. Ga 9.0 ɗina nan ta fito fili.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai, Galileo da kansa ya ɗauka lokacin lilo bai damu da faɗinsa ba, babba ko ƙarami duk ɗaya. Christiaan Huygens, mutumin Holan da ya ƙera agogon lilo a 1656, shi ya bi abin da lissafi ya ga ba haka bane, har ya sa wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa a gefen inda zaren ke rataye don su gyara hanyar da nauyin ke bi. Daga baya masu ƙera agogo suka ga hanya mafi sauƙi, suka sa lilon ya riƙa motsi kaɗan kawai. Wannan ya burge ni, maimakon su sauya fomula sai suka tilasta wa agogon ya zauna a cikin ƙaddarawar.

Nima sai na bi sahu, na dawo ƙasa da digiri 10. Lilo 20 ya ba ni 40.5, g ta hau 9.6. An samu ci gaba amma har yanzu da saura.

Kwana biyu na yi ina zargin iska, ina rufe taga, ina kashe fanka, babu abin da ya sauya. Sai na ɗauki takarda na ce bari in rubuta duk abin da fomular nan ta ƙaddara, har waɗanda littafi bai faɗa ba. Ta ƙaddara zaren ba shi da nauyi, ba ya miƙewa, ƙusar ba ta motsi, babu iska, lilon yana tafiya a layi ɗaya ba ya kewayawa, g ba ta sauyawa, sannan duk nauyin notin ya taru a ɗigo ɗaya. Ina rubuta ta ƙarshen nan na tsaya. Ɗigo ɗaya, to ina ɗigon yake? A tsakiyar notin mana. Ni kuwa tef ɗina a saman notin na tsayar da shi, inda na ƙulla zaren. Na sake aunawa zuwa tsakiya, sai ga santimita 101.5. Santimita ɗaya da rabi kacal, na sa a lissafi, g ta koma 9.77. Wallahi na daɗe ina kallon takardar ina dariyar kaina.

Ku lura da bambancin waɗannan biyun, don shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi a satin nan. Ta farko, ta ƙaramar kusurwa, a rubuce take, ni ne na ƙi karantawa. Ta biyu kuwa ni na ƙirƙiro ta ban ma san na yi ba, na ɗauka inda zare ya ƙare nan lilo ya ƙare. Wadda aka rubuta za ka iya komawa ka gwada ta, wadda ke cikin kanka kuwa sai ta yi ta cin ka kana zargin fanka.

Af, akwai wata kuma da ta kama ni rana ɗaya, na fara ƙirga da "ɗaya" a daidai lokacin da na danna agogo maimakon in fara da sifili, sai ya zama lilo 19 na ƙirga na raba da 20, g ta haura 10. Wannan ba ƙaddarawa bace, sakarci ne kawai, amma ku kiyaye. Kuma ku riƙa danna agogon lokacin da notin ke wuce tsakiya, ba a ƙarshen lilo ba inda yake ɗan tsayawa, don a can ido ba ya iya tantance lokacin da ya juyo.

Yanzu maganar iska, wadda na ɓata kwana biyu a kanta. Na cire notin na maƙala ƙwallon tebur tanis, ita nauyinta giram 2.7 ne kacal. Lokacin lilon bai sauya sosai ba, ya ɗan ƙaru kaɗan, amma faɗin lilon sai ya mutu nan da nan, alhali notin yakan yi mintoci yana kai da kawo. Nan na gane tambayar da nake yi tun farko ba daidai bace. Ni ina tambaya shin "babu iska" gaskiya ce ko ƙarya, to ai ƙarya ce ƙiri-ƙiri, ina zaune a ɗakin ina numfashi. Tambayar ita ce, ga abin da nake son sani, iskar tana da ta cewa? In lokacin lilon noti nake nema, ba ta da. In kuwa tambayata yaushe lilon zai tsaya, fomular nan cewa za ta yi har abada ba zai tsaya ba, domin an cire mata abin da ke tsayar da shi. Ƙaddarawa ɗaya, a tambaya ɗaya ta yi maka aiki, a wata ta kai ka ta baro. Shi ya sa ɗan sama-jannati David Scott da ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata a 1971, a tafiyar Apollo 15, suka faɗi tare, a can "babu iska" ta daina zama ƙaddarawa ta koma zahiri.

Wani daga cikinku ya ce min ai duk wannan ya nuna kimiyya ƙarya ake shirya mana, tunda da ƙarya ake fara lissafin. Ni ban yarda ba, kuma na gwada ɗaya hanyar na ga abin da ke cikinta. Na buɗe Excel na ce zan sa komai, nauyin zare, jan iska, miƙewa, murɗawar noti, sai na wayi gari da lambobi shida da ban san ƙimarsu ba, kowacce sai dai in yi kirdado, kuma da kirdadon nan zan iya sa lissafin ya ba ni duk amsar da nake so. Ya dace da awona tsaf amma bai koya min komai ba, in ka tambaye ni me ya sa lilo mai tsawo ya fi jinkiri ba zan iya nuna maka a ciki ba. Ita kuwa 'yar fomular mai ƙarya bakwai kai tsaye take gaya maka: tsawo ne da g, nauyi ba ya ciki, in ka ninka tsawo sau huɗu lokaci ya ninka sau biyu. Na gwada da santimita 25, ya ba ni kusan sakan ɗaya cif. Bayanin yana fitowa ne daga abin da aka yarda aka zubar.

Sai kuma ƙaddarawar da ni ba zan iya karya ta a ɗaki ba, wato g ba ta sauyawa. A 1672 Jean Richer ya tafi Cayenne, a Kudancin Amurka kusa da layin da ya raba duniya biyu, da agogon lilo da aka saita a Paris, sai agogon ya riƙa latti da kusan minti biyu da rabi kullum, sai da ya rage tsawon lilon da kusan milimita 3. Agogon lafiyarsa ƙalau, g ce ta fi rauni a can, kuma Newton ya yi amfani da wannan wajen nuna cewa duniya ta ɗan kumbura a tsakiya. Yau mun san g tana tashi daga kusan 9.78 a layin da ya raba duniya biyu zuwa 9.83 a can ƙuryar arewa da kudu. Don haka wanda ya samu 9.78 da wanda ya samu 9.82 a cikinmu, mai yiwuwa duk suna da gaskiya, kodayake da zare da yatsa kuskurenmu ya fi wannan bambancin girma, kar wani ya fara murna.

Abin da har yanzu yake cin raina shi ne, in lissafi ya saɓa da awo, ba ya nuna maka wace ƙaddarawa ce ta karye, cewa kawai yake akwai matsala a wani wuri. Ni na zargi iska alhali tef ne. Kuma manya ma sun sha wannan. Duniyar Yuranus ta riƙa kauce wa inda lissafin Newton ya ce za ta kasance, Le Verrier na Faransa ya ce dokar lafiya take, ƙaddarawar cewa mun san duk duniyoyin da ke jan ta ce ba daidai ba, ya lissafa inda wata ɓoyayya take, Johann Galle ya duba daga Berlin ranar 23 ga Satumba 1846 ya ga Neftun kusan daidai wurin. A 1859 Le Verrier ɗin nan dai ya ga duniyar Makuri ma tana kaucewa, ya sake jawo dabararsa ya ce akwai wata duniya kusa da rana, har aka raɗa mata suna Vulcan, aka yi shekaru ana nema ba a gan ta ba don babu ita. Wannan karon dokar ce da kanta ta gaza, sai a 1915 Einstein ya yi bayanin ɗan bambancin, sakan 43 na kusurwa a shekara 100 (digiri ɗaya yana da irin wannan sakan 3600). Mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ta ci sau ɗaya ta faɗi, kuma a lokacin ba shi da hanyar sanin wanne ne wanne.

Inda nake yanzu: na koma ƙirga lilo 50 maimakon 20 don jinkirin yatsana ya narke a ciki, kusurwa digiri 5, kuma awo biyar na ƙarshe sun zauna tsakanin 9.7 da 9.8. Na buɗe shafi na musamman a gaban littafin, kafin in taɓa agogo sai na rubuta abin da na ƙaddara, a gefen kowanne kuma in rubuta yadda zan karya shi da gangan in ga me zai faru. Saura biyu ban taɓa ba, miƙewar zare da nauyinsa. Na lura in notin ya kwana a rataye tsawon yana ƙaruwa kaɗan don zaren yana warwarewa, don haka sati mai zuwa zan gwada da siririyar waya ta tagulla, sannan in rataya shi da zare biyu kamar harafin V don ya daina kewayawa. Wanda ya riga ya gwada na V ɗin ya gaya min daga ina ya auna tsawonsa, daga ƙusoshin ko daga tsakiyar layin da ya haɗa su, don ina jin wata santimita ɗaya da rabin tana jirana a nan ma.