Hoton da bai wuce girman farce ba

Shagona a Kano na zane ne da buga takardu: katin biki, fasta, kalanda, bana ta 'yan siyasa idan lokacinsu ya zo. Waɗannan su ke biyan kuɗin haya da man janareto. Amma abin da ke cika mana benci da samari, musamman ranar Juma'a da Asabar kafin wasannin Firimiya, shi ne ɗan ƙaramin hoton da mai goyon bayan kulob zai ɗora a fuskar WhatsApp ko Facebook ɗinsa, da sitikar da zai riƙa jifan abokan hamayya da ita a guruf. Ɗan Arsenal yana son Saka, ɗan Madrid yana son Vinicius, 'yan Sai Masu Gida kuma Ahmed Musa cikin kore da ruwan ɗorawa na Kano Pillars.

Kuɗinsa kaɗan ne, wahalarsa ba kaɗan ba. Yaron da ya zo koyon aiki yakan ɗauka abin da ake yi shi ne a samu babban hoto a matse shi. Sai ya ɗauko ɗan wasa tun daga kai har takalmi, da ƙwallo, da 'yan kallo a baya, ya ƙara tambarin kulob da wuta tana ci a gefe. A fuskar kwamfuta sai ka ce fastar fim. Ka tura waya, a jerin masu hira inda hoton bai wuce girman farce ba, babu abin da za ka gane sai dunƙulen launi. Ga shi kuma WhatsApp da'ira yake yanka hoton, kusurwa huɗun nan duk sun tafi, tare da duk adon da aka zuba musu. Don haka darasin farko a shagona yanka ne: fuska da kafaɗa, ko ma rabin fuska, abu ɗaya tak a tsakiya.

Wannan sana'a ta girmi WhatsApp. Tun shekarun 2000 masu bin fina-finai da mawaƙa a shafin intanet na LiveJournal ke yin irin waɗannan hotuna, fiksel 100 tsawo 100 faɗi, kuma su suka yaɗa dabarun gyaran launi da har yau ake kwaikwayo a manhajar gyaran hoto ta Photoshop: a kwafi hoton a ɗora shi bisa kansa don ya yi haske, a shimfiɗa siririyar leya, wato shimfiɗar da ake ɗorawa bisa hoto, mai shuɗi ko ruwan hoda, a ƙara kaifi. Matsalar ita ce yawancin waɗannan dabaru a kan farar fata aka gwada su. Ka ɗora su a kan baƙar fata yadda suke, fuskar sai ta yi furu-furu kamar wanda ya fito cikin hunturu bai shafa mai ba.

A nan ne aikin yake. Ɗauki Vinicius cikin farar rigar Madrid. Idan ka haska hoton gaba ɗaya don fuska ta fito, rigar ta ƙone, babu ninki babu inuwa. Idan ka bi rigar, fuska ta nutse. Sai dai ka raba su, kowanne da leyarsa. A fuska ba na taɓa wurare masu duhu sosai, tsaka-tsakin hasken nake ɗagawa kaɗan da Curves, ma'aunin haske na Photoshop, sannan in shiga Selective Color, inda ake gyara launi ɗaya-ɗaya, in ƙara ja da ruwan ɗorawa, domin su ne ke riƙe da ɗumin fatarmu. Ƙyallin goshi da na kumatu ina barinsa, shi ke nuna siffar fuska idan hoto ya ƙanƙance. Bango kuwa launi ɗaya, mai sauƙi, wanda zai tura mutumin gaba.

Gardamar takan taso idan mai hoton ya ce a haɗa fuskarsa da ta ɗan wasan. "Oga, a ɗan haska ni mana." Ina haska hoto, ba na sauya wa mutum fata. Nakan yi biyu in nuna masa a wayarsa, kuma galibi da kansa yake zaɓar wanda 'yan gidansu za su gane shi. Wanda ya nace, kuɗinsa ne, amma ba na sa sunan shagona a kai.

'Yan Barcelona su ne masu ba mu ciwon kai, ba don halinsu ba, don rigarsu. Hoton JPEG idan an matse shi, bayanin launi ake fara ragewa kafin na haske, shi ya sa ja a gefen shuɗi yake zuba cikin juna. Rubutu ja a kan shuɗi kuwa kada ma a fara. Nakan raba su da siririn layi fari ko ruwan ɗorawa, rubutu kuma kalma ɗaya ko biyu da baƙaƙe masu kauri. Mai son a rubuta masa kirari sai ya sayi bana.

Sitika tana da nata ƙa'idojin tun da WhatsApp ya fito da ita a 2018: fiksel 512 kowane gefe, nau'in fayil na WebP, bango a cire, nauyi kada ya wuce kilobait 100, kuma kunshi ɗaya daga sitika 3 zuwa 30. Farin layi a kewayen hoton wajibi ne a wurina, saboda wani wayarsa baƙin bango take nunawa, wani fari, kuma ɗan wasa mai baƙin gashi yakan ɓace a kan baƙi.

Yara da yawa yanzu a waya suke yi da manhajar PixelLab ko PicsArt, wasunsu ma hannunsu ya fi na masu kwamfuta kyau, biyu daga cikin ma'aikatana ma a cikinsu na samo su. Abin da nake ƙara musu shi ne gwaji. Akwai wata tsohuwar Tecno mai fasasshen gilashi a aljihun tebur. Duk hoton da aka gama sai an tura mata, a fita da ita bakin ƙofa cikin rana a duba. Idan an gane ɗan wasan daga nisan hannu, sai a tura wa mai shi a matsayin fayil, ba hoto ba, don kada WhatsApp ya matse shi tun kafin ya ɗora.