Ashe sunan yajina da mai shi

Ɗazu lauyata ta kira ni da sakamakon binciken da ta yi a ofishin rajistar tambarin kasuwanci na Abuja. "Hajiya, sai haƙuri, wani ya riga ki a rukuni na 30, inda kayan yaji suke." Harafi ɗaya ya raba sunayenmu, amma a baki duk ɗaya suke fita. Na ce ai ina da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ta ce wannan rajistar sunan kasuwanci ce kawai, ba ta mallaka mini tambarin jikin roba ba.

Na juya na kalli kwalin sitika 2,000 da na bugo makon jiya, ko ledarsu ban ɓare ba. Sunan marigayiya kakata ne fa. Har yanzu bakina ya ƙi kiran yajin nan da wani suna.