Hilux ɗin caji ofis da rigimar fenti

Shekara 19 ke nan ina fentin mota, amma ban taɓa ganin an yi zaman shawara a garejina a kan launi ba sai watan jiya. Motar sintirin caji ofis ɗin unguwarmu ce ta jawo. Tsohuwar Hilux ce, tsatsa ta cinye gindin ƙofofi, murfin baya ma da igiya ake ɗaure shi. 'Yan kwamitin unguwa suka yi karo-karo, bakanike ya tayar da inji, fanabita ya bubbuge jiki, sannan aka turo mini. Ina tsugune ina gurza ta da samfefa sai ga su su biyar, har da mai unguwa, kowa da launin da ya kwana da shi a rai.

Wani matashi a cikinsu, ɗan boko mai natsuwa, ya miƙo mini waya. "Oga, irin wannan za ka yi mana." Motar 'yan sandan Ingila ce, mai gida-gida shuɗi da rawaya. Na san ta sarai. Battenburg suke ce wa zanen, sunan wani kek ne mai irin wannan gida-gidan, kuma a shekarun 1990 aka fito da shi don a riƙa hango motar daga nisan mita 500, dare ko rana. Abin da yaron bai lura ba, wannan ba aikin bindigar feshi ba ne. Leda ce mai ƙyalli ake mannawa, wadda ke mayar da hasken fitila. Mai kyan ta fi ƙarfin abin da suka tara, ta bogin da ke kasuwa kuwa bazara biyu ta ishe ta ɓarewa.

Mai unguwa ya gyara zaman rawani ya ce, "Ɗana, ni dai a yi ja da kore. Da can in ɓarawo ya hango ja da kore, ya san kashinsa ya bushe." Dogarai yake nufi. Kuma ba shaci-faɗi ya yi ba, dogarai da 'yan dokan En'e su ne ke riƙe da tsaron garuruwan Arewa kafin a haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya zamanin Gowon. Na ce, "Ranka ya daɗe, ja da kore kayan fada ne. In na fesa shi, mutane za su ɗauka Sarki ne zai wuce, su fito gaisuwa." Aka yi dariya, shi ma ya murmusa, amma na ga bai so ba.

Ni ra'ayina ɗaya ne, kuma a hanya na samo shi. Wani dare muna dawowa daga Zariya a motar haya, sai ga a-kori-kura ta gindaya a gabanmu, ana haska mu da tocila. Direba ya sassauta. Motar ta yi tsit, har jaririn da ke ta kuka tun daga tasha ya yi shiru. Ba wanda ya numfasa sai da fitilarmu ta dira a kan layukan nan uku na jikin ƙofa: shuɗi, rawaya, kore. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Alhamdulillahi, hukuma ce." Ba ta iya karanta rubutun da ke jikin motar ba, launin ta karanta. Shi take gani a tutarsu, a katangar caji ofis, a durom ɗin da suke jerawa a shinge. To don me zan sauya mata haruffan da ta iya?

Wani mai shigo da motoci daga Jamus da ke jiran tasa ya sa baki, ya ce ai can ma kore ne launin 'yan sanda shekara da shekaru, da aka koma shuɗi jihar Bavaria ta yi ta jan ƙafa, sai 2016 ta fara bi. Mai unguwa ya ce, "Ka ji masu hankali."

Ana cikin haka saje ya iso a kan babur da saƙon DPO: kada a kuskura a taɓa launi, yadda ta zo haka za ta koma. Ashe awa guda muka ɓata muna rabon gadon da ba namu ba.

Kwana uku na yi a kanta. Jiki shuɗi mai duhu, shafe biyu. Layukan ne suka ci lokaci, don sai ka liƙe da salatif da tsohuwar jarida, ka fesa ɗaya, ka jira ya bushe, sannan ka koma na gaba. In ka yi gaggawa rawaya ta sha shuɗi, sai ta koma wani koren da ba ka nema ba. Matashin nan bai haƙura ba, ya sayo ledar ƙyalli mita biyu da kuɗin aljihunsa, muka manna a bamba ta baya. Ta yi kyau kuwa, ba zan ɓoye ba.

Cikon kuɗin tina, ruwan sirka fenti, dai har yau kwamiti na cewa sai bayan Juma'a.