Hasken Leza Mai Murɗiya da Ƙwayoyin Hagu da Dama

Akwai ƙwayoyin sinadarai da Allah Ya halitta biyu-biyu, kowace hoton 'yar'uwarta ce a madubi, nauyinsu ɗaya, zafin da ke narkar da su ɗaya, amma ko yaya aka juya ɗaya ba za ta koma ɗayar ba. Louis Pasteur ne ya fara raba irinsu a Faransa a 1848, inda ya tsince lu'ulu'un wani gishiri ɗaya bayan ɗaya da matsefata. Lamarin ya shafi ɗaliban harhaɗa magunguna na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kai tsaye, domin jikin mutum yana bambanta su, har ta dama ta yi magani ta hagu kuma ta kasa, ko ma ta cutar.

Kowane baduku a Sakkwato ya san sikeli ba ya bambanta takalmin hagu da na dama, sai dai ƙafa, wadda ita ma take da nata gefen. Haka ƙwayoyin nan suke, sai abu mai nasa gefen ke bambanta su. Saboda haka ake haska ƙwayoyin da haske mai juyawa hagu ko dama, a auna wanda suka fi sha. Sai dai tsawon zangon koren haske, wato tazarar da ke tsakanin igiyarsa ɗaya da ta gaba, ya kai nanomita 500 (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita), ƙwayar kuwa ba ta wuce kimanin nanomita 1 ba, don haka da ƙyar take jin murɗiyar, bambancin ma sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba.

Nan ne sassaƙa hasken leza, wato siririn haske mai ƙarfi da ke tafiya a miƙe, ya shigo. A 1992 Les Allen da abokan aikinsa a Leiden ta ƙasar Holan suka nuna cewa haske mai nannaɗaɗɗiyar fuska yana ɗauke da ƙarfin juyi na daban. A 2011 Yiqiao Tang da Adam Cohen a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gwara haskoki biyu masu fuskantar juna, bambancin ya ninka kusan sau 11.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta David Ayuso da Olga Smirnova da abokan aikinsu a Cibiyar Max Born ta Balin a Jamus, wadda suka wallafa a 2019. Sun ba da shawarar a gitta haskoki masu launi biyu, ta yadda ƙarfin lantarkin hasken zai riƙa zana murɗaɗɗiyar siffa a daidai gurbin da ƙwayar take, cikin lokaci maimakon cikin tazara, wanda hakan ya kawar da matsalar girma gaba ɗaya. Lissafinsu ya nuna ana iya saita hasken har ƙwayar dama ta mayar da haske mai ƙarfi, ta hagu kuma ta dusashe.