Aikin da ba ya shiga takardar rahoto

Shekara uku ke nan ina aiki a wani gidan kula da manya masu larurar jinkirin fahimta da otizim a Ingila. Otizim ɗin nan shi wasu ke kira galahanga, kalmar da ni dai ba ta kwanta mini ba, don da ita ake zagi. Bara manajarmu ta ce in zaɓi wanda za a miƙa sunansa gasar karrama ma'aikata, in kuma rubuta dalili. Kafin ta rufe baki na san wadda zan zaɓa. Dalilin ne ya tsaya mini a wuya.

Wata dattijuwa ce mai aikin dare, Anti muke ce mata. Akwai wani matashi a gidan da ba ya magana, sai alamun hannu na Makaton da katunan hotuna. Ƙarar injin wanki, ko a sauya masa kofin da ya saba, na iya sa ya riƙa buga kansa da bango. In Anti ce a bakin aiki, da wuya a kai nan. Ta san da zarar ya fara murza bakin rigarsa, saura ƙiris. Sai ta rage hasken ɗakin, ta kashe talabijin, ta zauna can gefe, ko kallonsa ba ta yi. Shi ke nan. Gari ya waye, takardar rahoto na nan fara fat. To me zan gaya wa alƙalan gasa? Cewa ba abin da ya faru?

A nan na gane cewa a wannan sana'a alƙalami ɓarna yake bi. A 2011 shirin Panorama na BBC ya tona cin zalin da ake yi a Winterbourne View, wani asibitin masu irin wannan larura kusa da Bristol. An hukunta ma'aikata 11, shida suka tafi gidan yari. A 2019 aka sake ganin irinsa a wani asibitin, Whorlton Hall. Ko horon da dokar 2022 ta wajabta mana kan otizim, wanda muka fi sani da sunan Oliver McGowan, daga rashi ya samo asali: yaro ne ɗan shekara 18 da ya rasu a 2016 bayan an ba shi maganin da shi da iyayensa suka ce kada a ba shi. Duk waɗannan gyare-gyare sun zama dole, ba na musu. Sai dai mai binciken CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen kula irin namu, in ya zo, abin da aka rubuta ya fi gani, ita kuwa Anti ƙwarewarta ita ce hana abin rubutawa faruwa.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda ba a so a taɓo ranar liyafa. Da yawanmu albashinmu bai yi nisa da mafi ƙarancin da doka ta yanka ba, wanda ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Jera kaya a babban kanti na iya kawo fiye da haka, kuma ba mai cizon ka. Duk ƙwararren da ya tafi, da sanin da ya tara shekara da shekaru yake tafiya, mazauna gidan su koma hannun baƙuwar fuska.

Na daina cewa "sannu da ƙoƙari" kawai lokacin miƙa aiki da safe. Yanzu nakan faɗi ainihin abin da mutum ya yi, a gaban kowa, in kuma sa shi a fayil.

A ƙarshe na lissafa dararen da ta yi ba tare da rahoto ko ɗaya ba, na miƙa. Da na gaya mata, dariya ta yi. Ta ce in ina son yi mata alheri, in roƙi manaja a daina sauya wa yaron nan mai yi masa wanka kowane mako.