An rubuta maka magani, to ina za ka same shi?

Duk wanda ya taɓa jinya a garin ga na Maradi ya san ganin likita rabin aiki ne, sauran rabin yana farawa lokacin da anka miƙo maka odonansi, wato takardar magani. Ka je wurin saida magani na cikin asibitin a ce akwai biyu babu ɗaya, ka tari kabu-kabu ka shiga gari, in dare ne kuma sai ka fara tambayar wace farmasi ce ke gadi satin ga, wataƙila tana unguwar Ali Dan Sofo kai kuma kana wani gefen gari. Mu 'yan gari ke nan. Wanda ya taho daga ƙauyukan Dakoro ko Mayahi, bai san kowa ba, kuɗɗin motar komawa kaɗai gare shi, sau da yawa ninke takardar yake yi ya sa aljihu ya koma gida da ciwonshi.

Lokacin da nike jinyar innata da hawan jini ya kwantar, akwai wata tsohuwa a gadon kusa da mu, jikanta ke kula da ita, yaro ne ƙarami wallahi. Anka rubuta mata magani ya fita tun hantsi, sai bayan la'asar ya dawo da ƙwayoyi a farar leda an ƙulle baki, ba kwali ba suna, wajen mai tebur ya saye su don nan ne kuɗɗinshi sunka isa. Majo, wato ma'aikaciyar jinya, ta juya ledar ta juya ta ce, "Ɗana, wanga ba ni iya ba ta shi, ban san ko mine ne ba." Yaron ya ce, "Hajiya to ya zan yi, kuɗɗin sun ƙare." Majon na da gaskiya, don hukumar lafiya ta duniya ta faɗa a 2017 cewa kusan ɗaya cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci, mu kuma a Nijar mun ga allurar sanƙarau ta jabu a 1995. Amma yaron ma bai yi laifi ba, turo shi anka yi titi da takarda.

Shi ya sa labarin na'urorin da ke ba da magani nan take a inda anka duba mutum ya tsaya mini a rai. A Amurka akwai ta wani kamfani InstyMeds, ana aje ta a asibiti musamman ɓangaren gaggawa, likita ya rubuta magani a kwamfuta, a ba marar lafiya lamba, ya danna ta a jikin na'urar, ita kuma ta tantance kwalin ta manna mishi takarda mai sunanshi da yadda zai sha sannan ta sako shi, ko da ƙarfe biyun dare ne. A Afirka ta Kudu an buɗe irin ta a 2018 a unguwar Alexandra ta Johannesburg, don masu ciwon da ake shan magani kullum, kamar sida da suga da hawan jini, kuma kafin maganin ya fito sai ka yi magana da mai ilimin magani ta bidiyo.

Amma wadda ta fi shiga raina ita ce Pelebox. Wani injiniya ne ɗan Afirka ta Kudu, Neo Hutiri, ya ƙera ta, shi kanshi ya yi tarin fuka a 2014 ya sha zaman layi awa da awanni don karɓar magani kawai. Akwatuna ne masu makulli a jere, ma'aikata su zuba maganin kowa a nashi, a turo maka lambar sirri ta saƙon waya, ka zo ka danna akwatinka ya buɗe ka ɗauka ka tahi. Ta ci mishi babbar kyautar injiniyoyi ta Afirka a 2019. Ni a ganina wagga ita ta dace da mu, don innata da ire-irenta duk wata magani guda suke karɓa, ba su da dalilin shiga layi ɗaya da uwar da ta goyo yaro yana masassara, kuma ƙaramar waya mai madanni ma tana karɓar saƙon.

To amma kar mu ruɗi kanmu. Mafi yawan kwalayen magani an rubuta a aje su ƙasa da digiri 25 ko 30, Maradi kuwa a watan Afrilu tana wuce 40, insulin, allurar masu suga, kuma sai firijo. Kuran namu, wato wutar lantarki, kowa ya san halinshi, mun ga abin da ya faru a 2023 da anka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, don haka ba sola da batir babu zancen na'ura. Sannan bayani. Ma'aikatanmu suna da wata dabara da nike so ƙwarai, su ɗauki biro su ja zane a kan kwali, ɗaya na safe ɗaya na rana ɗaya na dare, su maimaita da Hausa har tsohuwa ta gyaɗa kai. Takardar da inji ya buga da faransanci ba ta yin wannan aikin, sai in an sa mata murya da Hausa ko a tsaida mutum kusa.

Kuma na'ura ba ta cika kanta. Tun 2006 doka ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su, amma in kuɗɗin da gwamnati za ta mayar wa cibiyoyin lafiya sun makara sai kanta ta zama wayam, uwa ta koma saye a waje. Da ni ake tambaya, da abu mai sauƙi za a fara: kwamfuta a teburin likita da ke nuna mishi abin da ke akwai a farmasin asibitin a wannan lokacin, in wanda yake so ya ƙare ya rubuta madadinshi mai arha tun marar lafiya na zaune gabanshi, ya kuma faɗa mishi nawa ne kuɗɗin kafin ya tashi. Akwatunan masu hawan jini da suga sai su biyo baya, a fara da asibiti guda a gani.